Hadisin Jubar da Hannun Lebura: Tsokaci kan Wata Fatawa da Wata Doka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibina na darasin fiƙihun mu'amala ya tare ni a bakin ofis da tambayar da ba ta cikin manhaja. Ƙanensa, ɗan shekara 19, yana aiki a wata masana'antar roba a Kano, a kan injin da ke niƙa tsofaffin robobi. Murfin ƙarfen da ke kare bakin injin ya lalace, an cire shi ba a mayar ba, aka ci gaba da aiki haka nan tsawon watanni, har ranar da injin ya kama hannun yaron na dama ya cinye yatsu huɗu. Mai masana'anta ya biya kuɗin asibiti, ya aiko da buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan, daga nan kuma shiru. Da dangi suka fara zancen neman haƙƙi, sai wani malami da ake jin maganarsa a unguwar ya hana su, ya kafa hujja uku: abin da ya faru ƙaddara ce, Annabi (SAW) ya hukunta cewa rijiya da ma'adini jubar ne, don haka babu lamuni a kan wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, kuɗin da hukuma ke biyan ma'aikacin da ya ji rauni kuwa inshora ne, inshora kuma haramun ce.

Ba malamin nake nufi da wannan rubutu ba, domin fatawar ba tasa ce shi kaɗai ba. Na sha jin ta a majalisu da wuraren ta'aziyya, wani lokaci ma daga bakin waɗanda suka fi ni karatu. Fatawar nake son aunawa, sannan in auna dokar da ta hana mutane kusanta, wato Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, domin ita ma akwai abin cewa a kanta.

Hujjar ƙaddara ba ta buƙatar dogon tsayawa. Kisan kuskure ma ƙaddara ce, amma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kansa. Da imani da ƙaddara yana kayar da haƙƙi, da babin diyya gaba ɗaya ya fita daga littattafan fiƙihu. Haƙuri aikin zuciya ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, lamuni kuwa hukunci ne tsakanin bawa da ɗan'uwansa, kuma ɗaya ba ya kore ɗaya.

Inda maganar take da nauyi shi ne hadisin. Ingantacce ne, Abu Huraira (RA) ya ruwaito shi, yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, kuma ma'anarsa ita ce ɓarnar da dabba ta yi, da wadda ta auku ta dalilin rijiya ko ramin ma'adini, faɗuwa take, ba a biya. Adalci ne in faɗa cewa malamin bai ƙirƙiri fassararsa ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya kawo a sharhinsa na Muslim cewa daga cikin surorin da hadisin ya ƙunsa akwai mutum ya ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa aiki a ramin ma'adini ko su haƙa masa rijiya, ramin ya rufta da su. Babu lamuni a kansa. Ibn Hajar ma ya kawo irin wannan a Fathul Bari. Saboda haka wanda ya ce hadisin bai shafi ma'aikaci ba sam, bai karanta sharhohin ba.

Kuskuren yana wajen ɗaukar hadisin a sake, alhali waɗanda suka ruwaito shi ba su ɗauke shi haka ba. A duba babin da Imam Malik ya ajiye shi a Kitabul Uƙul na Muwaɗɗa. Bayan ya fassara jubar da cewa babu diyya, nan take ya bi shi da ƙaidoji. Mai jan dabba da mai kora ta da wanda ke kanta duk suna lamunce abin da ta taka, sai fa in ta yi harbi ba tare da an yi mata wani abu ba. Wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi inda ba a yarje masa ba, yana lamunce wanda ya faɗa. Akwai kuma hukuncin da Annabi (SAW) ya yi a kan raƙumar Bara'u bn Azib (RA), cewa masu dabbobi ne ke biyan abin da suka ɓata da dare. Ashe kenan dabba jubar ce matuƙar babu hannun mutum ko sakacinsa a cikin ɓarnar, haka rijiya, haka ma'adini. Illar hukuncin ita ce rashin wanda za a jingina wa aikin. Mahaƙin rijiya na wancan zamani shi ne gwanin aikinsa, da idonsa yake ganin ƙasa, shi ke zaɓar inda zai sa diga da lokacin da zai fito. Mai rijiya bai fi shi sanin haɗarin ba, bai kuma mallaki abin da zai kare shi da shi ba. Yaron da ke bakin injin roba bai sayi injin ba, bai cire murfin ba, ba shi da ikon tsayar da aiki har a gyara. Ƙiyasta wannan a kan wancan ƙiyasi ne tare da bambanci, kuma bambancin yana daidai wurin da illa take.

A wannan babin dai Imam Malik ya kawo wata mas'ala da nake mamakin yadda ba a ambatonta a wa'azi. Ya ce idan mutum ya umarci yaro ya shiga rijiya ko ya hau dabino, yaron ya halaka ko ya ji rauni, wanda ya umarce shi ne ke lamuni. Rijiya ce dai, irin wadda hadisi ya ambata, amma sai hukunci ya juya saboda raunin wanda aka sa aikin. Duk wanda ya san yawan ƙananan yara da almajirai da ke tsaye a bakin injinan niƙa da markaɗe, da wuraren buga bulo, da garejin makanikai a garuruwanmu, ya san wannan mas'ala ba ta tarihi ba ce.

Mai kare fatawar yana da sauran amsa, kuma ita ce mafi ƙarfi a hannunsa. Zai ce ƙa'ida ita ce idan wanda ya aikata abu da hannunsa ya haɗu da wanda ya zama sanadi, ana jingina hukunci ga mai aikatawa. Yaron nan baligi ne, shi ya kai hannunsa, mai masana'anta sanadi ne kawai. Ƙa'idar gaskiya ce, amma malaman da suka kafa ta sun kafa mata togaciya: mai sanadi yana lamuni idan ya ƙetare iyaka, kuma idan aikin mai aikatawa ya ginu ne a kan sanadin, ba a sauke wa mai sanadi nauyi. Zuba roba a bakin inji shi ne ainihin aikin da aka ɗauki yaron ya yi, ba wani ganganci ya ƙirƙira ba. Abin da ya mayar da aikin yau da kullum ya zama yankan hannu shi ne murfin da aka cire. A ganina wannan sakaci ne bayyananne, kuma a lissafin da ya zo a wasiƙar Annabi (SAW) ga Amru bn Hazm, wanda Ibn Abi Zaid ya bi a Risala, kowane yatsa raƙuma 10 ne. Yatsu huɗu raƙuma 40, ko dinari 400 ga mutanen zinare. Idan aka ɗauki dinari a kan giram 4.25, giram 1,700 kenan na zinare. Mai karatu ya kwatanta wannan da buhun shinkafa.

To, ina batun raunin da babu sakacin kowa a cikinsa? A nan ne dokar 2010 ta yi abin da fiƙihun ijara na gargajiya bai yi ba, kuma a nan ne ya kamata mu yi tunani maimakon gaggawar haramtawa. Dokar, wadda ta maye gurbin ta 1987, ba ta tambayar laifin wane ne. Ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin wani asusu da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, ko ya kamu da cutar da aikin ke jawowa, haka kuma iyalan wanda ya rasu. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin-gadi da mai koyon sana'a, kuma ba ta taƙaita ga ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni ba. Tsarin ba a Nijeriya aka fara shi ba. Jamus ta kafa irinsa tun 1884, bayan injina sun nuna cewa tabbatar da laifin mai masana'anta a kotu ya fi ƙarfin lebura.

Mu Malikawa bai kamata wannan tunani ya zame mana baƙo ba. Asalin ƙa'ida shi ne ɗan ƙwadago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai da sakaci. Duk da haka mazhabarmu ta ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, lamunin kayan mutane da suka salwanta a wurinsu, har sai sun kawo shaidar cewa ba da sakacinsu ba ne. Shaɗibi ya kawo wannan a Al-I'itisam a matsayin misalin maslaha mursala, yana jingina shi ga hukuncin halifofi shiryayyu, kuma dalilin shi ne mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, ba su kuma iya ganin abin da ke faruwa a cikin shago. Idan an sauya nauyin hujja don kare rigar mai kuɗi a hannun maɗinki, da wane dalili za a ce shari'a ba ta da hanyar kare hannun lebura a masana'antar mai kuɗi? Buƙatar iri ɗaya ce, rashin iya kawo shaida iri ɗaya ne, abin da ake karewa kuwa ya fi riga daraja nesa ba kusa ba.

Sauran hujjar inshora. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda gararin da ke cikinta. Amma a wannan ƙudurin ta halatta inshorar taimakekeniya, kuma wanda ya karanta rabin farko ya bar na biyu bai yi wa ƙudurin adalci ba. Garari yana ɓata ƙullin musaya ne, inda kowa ke ba da abu don ya karɓi abu. Ma'aikaci a wannan doka bai sayi komai ba, bai biya ko kobo ba, bai ƙulla ciniki da asusun ba. Mai masana'anta kuwa ba zaɓa ya yi ba, hukuma ce ta ɗora masa. Ko da an ɗauke shi a matsayin kyauta ga wanda ba a san shi ba tukuna, Ƙarafi ya bayyana a Al-Furuƙ cewa a wurin Malik jahiltar abu ba ta ɓata kyauta kamar yadda take ɓata ciniki.

Abin da ya fi kama da wannan asusu a fiƙihunmu shi ne aƙila, wato jama'ar da ke tarayya wajen biyan diyyar kuskuren ɗayansu, alhali ba su suka yi laifin ba. Tun zamanin Umar (RA) aka fara ɗora ta a kan mutanen diwani ɗaya, waɗanda rajista ta haɗa su ba jini ba. Hanafawa a kan haka suke, Khalil ma a Mukhtasar da diwani ya fara kafin dangi. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta koma kan mas'alar a zamanta na Dubai a 2005, ta ce ƙungiyoyin sana'a da asusun ma'aikata da takaful suna iya tsayawa a matsayin aƙila a yau. Masu masana'antu da ke zuba kuɗi wuri ɗaya don biyan raunin da ya auku a hannun ɗayansu, diwani ne da sabon suna. Akwai tambaya ta gaskiya game da inda ake juya kuɗin asusun, domin in ana sa su cikin takardun bashi masu ruwa, wannan abin gyara ne da ya kamata malamai su matsa a kai. Sai dai wannan nauyi ne a wuyan masu juya kuɗin, ba dalili ba ne na hana mai yatsu huɗu a yanke karɓar haƙƙinsa.

Kada a fahimci cewa na wanke dokar tas. Babban abin da na ƙi a cikinta shi ne ma'auninta. Tana auna rauni da albashi: wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda ya rasa wata gaɓa kuma ana ba shi wani kaso gwargwadon nakasar. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024, in ya nakasa ɗungurungum, naira 63,000 zai riƙa samu, manajan da ke samansa kuwa ninkin-ba-ninkin haka a kan rauni iri ɗaya. Diyyar shari'a ba ta san wannan ba. Tana da nata bambance-bambancen da aka sani a littattafai, amma dukiya da muƙami ba sa cikinsu: yatsan attajiri da na ɗan dako duk raƙuma 10 ne. Dokar tana biyan abin da hannu ke samowa, shari'a tana biyan hannun kansa. Sai dai kuma dokar ta zo da abin da diyya ba ta da shi, wato biya na wata-wata da kuɗin magani da taimakon komawa aiki, kuma duk wanda ya ga yadda kuɗin dunƙule ke narkewa a hannun dangi cikin shekara guda ba zai raina wannan ba. Abin da ke damuna shi ne dokar ta sa abin da take biya ya tsaya a madadin ƙarar mai aiki, ba a haɗa biyun. A inda sakaci ya tabbata, kamar murfin injin nan, hakan yana iya sa mai sakaci ya fita da arha, ya bar sauran masu zuba kuɗi su ɗauke masa.

Daga wannan bambanci wata mas'ala ke fitowa wadda ke raba zumunci a gidajen mamata. Diyya gado ce. Umar (RA) ya kasance yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku bn Sufyan (RA) ya sanar da shi cewa Annabi (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyam Addibabi gadonta daga diyyar mijinta, sai Umar ya janye. Saboda haka da zarar dangi sun ji an ce diyya, sai su kira mai rabon gado. Amma abin da dokar ke biya bayan rasuwar ma'aikaci ba na magada ba ne a matsayinsu na magada. Na waɗanda yake ciyarwa ne. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, misali, ana ba ta kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mamacin bai mallaki wannan kuɗi yana raye ba, ba kuma fansar ransa ba ne, madadin ciyarwar da ta yanke ne, wanda mai bayarwa ya ayyana masu cinsa. Ra'ayina shi ne ba ya shiga tarika, kuma ɗan'uwan mamaci da ya karɓe shi daga hannun marayu da sunan rabon gado ya ci abin da ba nasa ba. Kalmar diyya da muke fassara sunan dokar da ita, ni ma da ita na yi amfani a sama don ita aka sani, tana da hannu a wannan ruɗani.

Akwai wuri ɗaya da dokar ta fi wa'azinmu kusa da fiƙihu. Ta soke duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi da mai aiki cewa ya yafe haƙƙinsa na biya. Malamanmu sun daɗe suna tattauna zubar da haƙƙi kafin ya wajaba, har Haɗɗabi ya keɓe masa fasali a ƙarshen Tahrirul Kalam. Afuwa falala ce babba, amma ta mai haƙƙi ce, bayan ya san girman abin da yake yafewa, ba tare da tsoron kora ko kunyar manya ba. Wanda aka ce wa ba shi da komai, sannan aka ce ya yafe, bai yafe ba, rufe masa ido aka yi. Rabon maraya kuwa ko waliyyinsa ba shi da ikon zubar da shi don neman lada.

Illar fatawar ba ta tsaya ga kuskuren fahimta ba, domin dokar tana da wa'adi, kuma kwanakin da ake ɓatawa ana jiran dangi su daidaita ba sa dawowa. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14. Mai aiki ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Takardar neman biya ta isa hukuma cikin shekara ɗaya, sai in akwai uzuri na musamman, wanda shi ma bai wuce shekara uku ba. Wanda bai gamsu da hukuncin hukuma ba yana da damar neman a sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Limamin da ya san waɗannan lambobi huɗu zai amfani mamunsa a ranar musiba fiye da yadda yake zato.

Lokacin da ɗalibina ya zo mini, wata biyar sun shuɗe, kuma babu wanda ya rubuta wa mai masana'anta komai a cikin kwana 14 ɗin. Sai dai dokar ta yi togaciya: rashin sanarwa ba ya kayar da haƙƙi idan ya tabbata mai aiki ya san abin da ya faru. Na tambaye shi ko rasiɗan asibitin da masana'anta ta biya suna nan. Ya ce mahaifiyarsu ta adana su a cikin kwalla, tare da katin asibiti da hoton hannun. Na ce ya ɗauko su, ya nemo abokan aiki biyu da suka san tun yaushe aka cire murfin, ya rubuta sunayensu da ranar da abin ya faru, ya tafi da ƙanensa ofishin hukumar kafin watanni bakwai da suka rage su cika.